Tukuici a Damagaram: Wa ake ba, nawa ake bayarwa, yaushe kuma yake komawa cin hanci?

A birnin Damagaram, yaron da ya kawo kwanon ciyayya daga gidan maƙwabta ba kasafai yake komawa hannu rabbana ba. Ko dala biyar ce sai uwar gida ta lalubo ta damƙa masa, ta ce ya gaida mutan gidan. Amma matashin da ya wuni yana kai faranti a gidan sayar da abinci, ko ɗan kabu-kabun da ya ratsa gari da tsakar rana ya kawo saƙo, yawanci da “an gode” ake sallamarsa.

Wannan bambanci ba rowa ce ta kawo shi ba. Al'adar tukuici ta daɗe a ƙasar Hausa, sai dai ta ginu ne a kan kyauta da aike tsakanin mutanen da suka san juna. Sana'o'in da suka yawaita a birnin cikin 'yan shekarun nan, irin su hidimar gidajen abinci, kai kaya gida-gida da jigilar fasinja a babur, sun zo da wata hulɗa ta daban, wadda ake yi da baƙin ido kuma a kan farashi. Shi ya sa mutane da dama suke rasa abin da ya dace: a bayar ne ko a bari, nawa za a bayar, kuma wa ya kamata ya bayar.

Batun ya wuce na ladabi kawai, domin ya shafi abin da dubban matasa ke komawa da shi gida da dare, a birnin da ƙidayar shekarar 2012 ta nuna yana da mutum sama da dubu 300.

Tukuici, goro, la'ada da gyara

Bahaushe bai haɗa duk wani ƙarin kuɗi a suna ɗaya ba, kowanne da gurbinsa.

Tukuici a asalinsa shi ne abin da wanda aka kawo wa kyauta yake bai wa ɗan aiken da ya kawo ta. Ba mai aiken ke bayarwa ba, wanda ya karɓa ne. Idan ɗan aike ya koma, akan tambaye shi abin da aka ba shi, kuma daga nan mai kyautar yake gane yadda aka karɓi alherinsa. Tukuici ke nan saƙon godiya ne da ake mayarwa ta hannun wanda ya kawo. Mafi girmansa a yau shi ne na lefe, inda dangin amarya ke haɗa kuɗi da su cincin, dubulan da alkaki su bai wa matan da suka kawo akwatuna, su kuma su raba a tsakaninsu.

Goro ya fi tukuici faɗi. Akwai goron albishir, wanda ake bai wa mai kawo labari mai daɗi. Kowane yaro ya san yadda ake yinsa: a ce “albishirinka”, ka ce “goro”, a ce “fari ko ja”, ka ce “fari”. Akwai goron sallah, akwai kuma “na goro” da ake bai wa dattijo ko malami don girmamawa. Goron da ake taunawa ne asalin sunan, amma yanzu kuɗi ne suka fi tsayawa a madadinsa.

La'ada kuwa haƙƙi ce. Ita ce rabon dillali idan ciniki ya faɗa, kuma yana iya tsayawa ya nemi abinsa a gaban jama'a ba tare da an ga baƙinsa ba. Haka ladan aiki, wato abin da aka yi jinga a kai da ɗan dako ko magini.

Sai gyara, wadda ita ce ta fi bayyana dalilin da ya sa ba a saba barin kuɗi a wurin cin abinci ba. A kasuwar Bahaushe, ƙari daga mai sayarwa yake fitowa zuwa ga mai saye. Mai tumatir a kasuwar Dole zai ɗora maka biyu ko uku a kan kashin da ka saya. Mai tsire zai ƙara maka yanka ɗaya da albasa. Mai fura za ta ƙara ludayin nono. Mutumin da ya tashi a cikin wannan tsari, idan ya gama cin abinci, shi yake jiran a kyautata masa don ya dawo gobe.

Daga ayarin fatake zuwa dala

Damagaram ta san hidimar baƙi tun kafin zuwan mota. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, birnin ya zama babban zango a hanyar fatauci tsakanin Kano, Borno, Agadas da Tarabulus. Unguwar Zango ta samo sunanta ne daga saukar ayari, yayin da fada da masu sarauta suke cikin Birni.

Baƙon da ya zo da kaya a wancan lokaci wurin fatoma yake sauka, wato mai masaukin da zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillalai. Ribar mai masauki tana cikin la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa da kuma kyautar da baƙo zai yi masa ranar tafiya. A fada kuma, manzon da ya kai kyautar sarki ga wani basarake ko attajiri yana dawowa da tukuicinsa, kamar yadda maroƙa da makaɗa ke rayuwa da kyautar waɗanda suka wasa.

Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya iso Damagaram a ƙarshen Disambar 1852 ya zauna har ƙarshen Janairun 1853, ya yi amfani da zaman wajen sayen kayan da zai riƙa bayarwa kyauta a hanyarsa ta zuwa Sakkwato da Tumbuktu. A lokacin, matafiyin da ba ya ɗauke da abin kyauta ba ya nisa.

Kuɗin yau da kullum a wancan zamani wuri ne, manyan ciniki kuma akan yi su da azurfar Turai. Bayan Faransawa sun kama birnin a 1899, suka kuma mayar da shi hedikwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, sai kuɗinsu suka maye gurbin wuri, sunan dala ya zauna a kan faran 5. Har gobe da shi ake lissafi: sefa 25 dala biyar, sefa 100 dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 kuma jika guda. Baƙon da ya zo daga Kano ko Katsina yana bukatar ya riƙe wannan lissafi kafin ya sa hannu a aljihu, domin wanda ya ce a ba yaro “hamsin” yana nufin sefa 250.

A wurin cin abinci

Wuraren cin abinci a Damagaram hawa-hawa ne, kuma abin da ya dace a wani bai dace a wani ba.

A wurin mai shayi, mai waina, mai tuwo ko mai tsire, wanda ya dafa shi ne yake zubawa kuma shi ne yake karɓar kuɗi. A nan babu wanda ke sa ran tukuici, ribarsa tana cikin farashin. Abin da aka fi sani shi ne mutum ya biya wa wanda ya tarar a kan benci, ko ya ce a zuba wa almajirin da ke tsaye da kwano. Kyautar tana tafiya ne ga abokin zama ko mabuƙaci. Idan akwai wanda ya cancanci a tuna da shi a irin wannan wuri, yaron da ke wanke kwanuka ne da ɗebo ruwa, wanda galibi ladansa abinci ne da ɗan abin da maigida ya ga dama ya ba shi da dare.

A gidajen abinci masu tebur da kujera da jerin farashi, da kuma na otal-otal, lamarin ya bambanta. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, manyan jami'an gwamnati, malaman Jami'ar André Salifou da masu hulɗa da matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, suna cikin waɗanda suka saba da barin wani abu ga wanda ya yi musu hidima. Babu wani kaso da aka yanke. Abin da aka fi yi shi ne cike lissafi: idan abinci ya kama sefa 2,800, a miƙa jika uku a ce a riƙe canjin.

Ga mai ci, sefa 200 ba wani abu ba ne. Ga ma'aikacin kuwa, lissafin daban yake. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tsaya a kan sefa 30,047 tun daga 2012, kafin a ɗaga shi zuwa sefa 42,000 daga farkon 2024. Idan aka raba wannan a kwana 30, ya kama sefa 1,400 a rana. Mutum bakwai da suka bar sefa 200 kowannensu sun ninka wa ma'aikaci ladan wuninsa ke nan. Kuma wannan lissafi na wanda ake biya bisa doka ne. Da yawa daga cikin masu hidima a ƙananan gidajen abinci ba su da takardar ɗaukar aiki, wasu ma dangin mai wurin ne da ake ɗauka a matsayin yaran gida.

A nan ne wata tambayar take tasowa: kuɗin da aka bari na wane ne? Idan mai ci ya biya a wurin mai karɓar kuɗi ya ce a bar canjin, babu tabbacin zai isa hannun wanda ya kawo abincin, balle masu girki da wanke-wanke da ba a ganinsu. Saboda haka wanda ya yi niyyar kyautata wa wani ma'aikaci, gara ya damƙa masa a hannu. Su kuma masu gidajen abinci, abin da zai raba gardama shi ne su fito fili su gaya wa ma'aikata tsarinsu tun ranar ɗaukar aiki: kowa ya riƙe nasa ne, ko a tara a raba da 'yan kicin.

Kabu-kabu da adaidaita

Babur shi ne ƙafar mafi yawan mazauna Damagaram, daga Garin Malam zuwa Sabon Gari, daga tasha zuwa kasuwa. Sana'ar kabu-kabu ta ɗauke matasa masu yawa, har da waɗanda a da ake sani da zaman majalisun da ake kira fada ko “palais”. Adaidaita sahu ita ma ta samu gurbi, musamman wajen ɗaukar mata da masu kaya.

Kuɗin hawa ciniki ake yi kafin a tashi, kuma wannan shi ya sa tukuici bai samu wurin zama a nan ba. Fasinjan da ya tsaya ya yi ta ja har aka rage masa dala goma, da wuya ya ƙara dala goma idan an isa. Shi ma ɗan kabu-kabu ya san haka, don haka yakan sa abin da yake so a cikin kuɗin da ya fara faɗa.

Sai dai akwai hidimar da ba ta shiga cikin cinikin farko, kuma ita ce ke jawo cacar baki a bakin hanya. Fasinja ya ce a tsaya kanti zai sayi abu, ya shafe minti ashirin. Ko a isa inda aka yi jinga ya ce a ɗan ƙara gaba, gaban kuma ya zama wata unguwa. Ko a ɗaura buhu a baya wanda ba a ambata ba. Abin da aka ƙara a irin wannan hali ba kyauta ba ce, ladan aikin da aka ƙara ne, kuma hana shi tauye haƙƙi ne.

Dole kuma a tuna cewa ba duk abin da ya shiga aljihun ɗan kabu-kabu ne nasa ba. Da yawansu babur ɗin na wani ne, kuma akwai adadin da za su kai wa mai shi kowace rana ko an samu ko ba a samu ba. Ga kuɗin mai. Shekaru da dama masu babura sun dogara da man 'yan ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya da araha. Cire tallafin mai da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023 ya rushe wannan lissafi. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage farashin litar fetur zuwa sefa 499, abin da ya kawo sauƙi, amma duk mintin da babur ya yi yana jiran fasinja, wani fasinjan ne ya wuce.

Inda kyauta ta gaskiya take fitowa a wannan sana'a shi ne tsakanin mutum da ɗan kabu-kabunsa na kullum, wanda ke kai yara makaranta ko ya kai uwar gida asibiti da dare. Irin wannan ba a kowace tafiya ake ba shi ƙari ba. Ana tuna shi ne da goron sallah, da naman layya, da gudummawa ranar da aka yi masa haihuwa ko babur ya lalace. Ya tashi daga baƙo ya zama na gida, don haka tsohuwar al'ada ta hau kansa.

Masu kai saƙo

Kai saƙo shi ne ya fi kusa da asalin tukuici, kuma shi ne ya fi rikitarwa a yanzu.

Mata da yawa a birnin suna sayar da abinci, turaren wuta, atamfa da kayan kwalliya daga cikin gida, suna tallata su a WhatsApp da Facebook. Kayan kuma ɗan kabu-kabu ne ke kai su. Matsalar da aka fi samu ita ce rashin fayyace wanda zai biya kuɗin kaiwa. Mai saye ta ɗauka yana cikin farashi, mai sayarwa ta ɗauka za a biya a can, sai a bar mai babur a ƙofar gida yana buga waya tsakanin mutum biyu. Kafin a yi maganar tukuici, wannan ne ya kamata a warware: a faɗi kuɗin kaiwa da wanda zai biya tun kafin kaya su bar gida.

Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne tsakanin kyauta da saye. Idan ƙawa ta aiko da abincin suna, ko ɗan'uwa ya aiko da kilishi daga Gidigir ko kayan lambu daga Mirya, wanda ya kawo yana da tukuici a al'adance ko da an biya shi kuɗin hanya, domin alheri ya kawo. Idan kuwa kaya ne mutum ya saya da kuɗinsa, abin da ke kansa shi ne kuɗin kaiwa. Ƙari a kai ganin dama ne, kuma ya fi dacewa idan an sha wahala: gidan yana da wuyar ganewa, an zo cikin ruwan sama, ko kayan masu nauyi ne kamar tukunyar gas.

A tashoshin mota ma haka abin yake. Saƙon da aka aika ta kamfanonin bas kamar Rimbo ko STM yana da farashinsa da rasiɗinsa. Amma ɗan dakon da ya ɗauko kayan a baro ya kai bakin titi ba ya cikin wannan rasiɗi, kuma abin da ya dace shi ne a yi jinga da shi kafin ya ɗora, don kada a rabu da ɓacin rai. Direban da aka ba saƙo hannu da hannu zuwa Matamaye, Magarya ko Kano, shi ma akan ba shi na goro, kuma a nan mai aikawa ne ke bayarwa.

Akwai kuma 'yan ga-ruwa. Damagaram ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwa, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da famfo kan ɗauke a wasu unguwanni kuma farashin jarka ya tashi. A irin wannan lokaci magidancin da ya saba kyautata wa mai ga-ruwansa shi ake fara kai wa. A nan kyauta ta zama wata hanya ta riƙe amana, ko da yake tana da illa: gidan da ba shi da abin ƙarawa shi ke zama na ƙarshe a layi.

Game da yara 'yan aike kuwa, iyaye sun rabu biyu. Wasu na ganin tukuici yana sa yaro son aike da sanin dangi. Wasu kuma na hana 'ya'yansu karɓa, don gudun kada yaro ya saba da cewa ba ya motsawa sai an biya shi, ko ya riƙa tsayawa a ƙofa yana jira bayan ya miƙa saƙo. Matsakaicin da gidaje da yawa suka ɗauka shi ne yaro ya karɓa idan an ba shi, ya yi godiya, ya kawo ya nuna a gida, amma kada ya tambaya.

Matsalar canji

Wani abin da ke ɓata lissafin tukuici shi ne ƙarancin ƙananan kuɗi. Duk da cewa babban bankin BCEAO ya fito da takardar sefa 500 a 2012, samun canjin dala biyar, goma ko ashirin yana wahala a kasuwa da bakin titi. Wanda ya miƙa jika biyu a tafiyar dala hamsin ya san abin da zai biyo baya: zagaye daga mai shago zuwa mai shayi ana neman canji.

Wannan ya haifar da abin da za a iya kira tukuicin dole. Fasinja yana sauri, canji bai samu ba, sai ya haƙura ya tafi. Wasu na zargin cewa akwai masu ɓoye canjin da gangan. Su kuma masu babura da masu abinci suna kukan cewa sau da yawa su ne ke yafe ragowar idan kuɗin mai saye bai cika ba. Ko ta wane ɓangare aka duba, abin da aka bari ba da son rai ba bai zama kyauta ba.

Biyan kuɗi ta waya, ta manhajojin Nita da Amana ko ta Airtel Money, yana rage wannan rigima saboda ana tura adadin daidai. Amma yana kuma kashe “riƙe canjin”, wadda ita ce hanyar da mafi yawan tukuici ke bi. Idan kuma asusun mai shago aka tura wa, yaron da ya kawo kayan ba ya ganin ko dala. Mai son ya ba ɗan aike wani abu yana bukatar ya tanadi 'yan silalla a gida.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Amurka tukuici ya zama kamar wajibi, inda ake sa ran mai cin abinci ya bar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin da ya kashe. Dalili shi ne dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukuici dalar Amurka 2.13 kacal a awa, adadin da bai canza ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin lada ga sauran ma'aikata dala 7.25 ne. Nauyin albashi ya koma kan mai saye ke nan.

A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashin da aka rubuta, don haka abin da mutum ya bari ƙari ne na ganin dama, kuma wannan tsari ne manyan gidajen abinci na Nijar suka fi kama da shi. A Birtaniya wata doka da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2024 ta tilasta wa masu gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata duk tukuicin da aka bari ba tare da sun cire komai ba. A Japan kuwa ba a bayarwa sam, mai hidima yana iya bin mutum da kuɗin a zaton mantuwa ya yi.

Darasin da ke cikin misalin Amurka ya shafi Damagaram kai tsaye. Duk ranar da tukuici ya zama abin dogaro, mai gidan abinci zai samu hujjar rage albashi ko ƙin ƙara shi, ya ce ai ana samu a tebur. Kyautar mai saye ba ta sauke wa maigida nauyin biyan ma'aikacinsa.

Inda kyauta ke komawa cin hanci

Kalmomin da ake amfani da su wajen tukuici su ne kuma ake fakewa da su wajen rashawa: na goro, na shayi, na shan ruwa. Masu bincike Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan, waɗanda suka nazarci ƙananan cin hanci na yau da kullum a Nijar, Benin da Senegal, sun nuna yadda ake aron harshen kyauta da godiya a lulluɓe abin da a zahiri biyan dole ne a ofisoshi, asibitoci da shingayen hanya.

Abubuwa uku ne ke raba su. Na farko lokaci: tukuici bayan an gama hidima yake zuwa, cin hanci kuwa kafin a fara ko a tsakiyar aiki. Na biyu zaɓi: idan ƙin bayarwa zai sa takardarka ta kwana a ƙasan tebur ko majinyacinka ya daɗe a layi, to ba kyauta ba ce. Na uku matsayin mai karɓa: ma'aikacin da gwamnati ke biya don ya yi wa kowa aiki daidai ba ɗaya yake da ɗan dako ba.

Malamai kan kafa hujja a nan da hadisin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Bukhari da Muslim. An aike shi karɓar zakka, da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce shi kyauta aka ba shi. Manzon Allah (SAW) ya yi tir da hakan, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da babu mai kawo masa wannan kyauta. Ma'ana, kujerar aka bai wa, ba mutumin ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito da ke umartar a biya ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, wanda ya shafi mai jan ɗan dako da “dawo gobe”.

Nijar ta kafa hukumar HALCIA a 2011 don yaƙi da cin hanci, sannan hukumomin soja suka kafa COLDEFF a 2023 don bin sawun dukiyar ƙasa. Sai dai dala ɗarin da ake miƙawa ta taga ba kasafai take kaiwa gaban irin waɗannan hukumomi ba. Mai bayarwa da mai karɓa ne kaɗai suka san sunan da ya dace da ita.

Ladubban bayarwa da karɓa

Yadda aka bayar yakan fi abin da aka bayar tasiri. Da hannun dama ake miƙawa, a dunƙule, ba tare da ɗaga kuɗin sama kowa ya gani ba. Ba a jefa wa mutum kuɗi, ba a kuma ajiye masa a ƙasa ya ɗauka.

Shekaru suna da hukunci. Yaro ko sa'a za ka iya ce masa “ungo, ka sha ruwa”. Amma idan dattijo ne ya ɗauko maka kaya ko ya tuƙo ka, ba a kiran abin tukuici. Sai ka rage murya ka ce “Baba, ga na goro”, ko “Inna, a sa mana albarka”. Shi kuma mai karɓa yakan amsa da “Allah ya amfana” ko “Allah ya ƙara buɗi”, ba ya ƙirgawa a gaban mai bayarwa, ba ya kuma raina abin da aka ba shi, tunda an ce maraina kaɗan ɓarawo ne.

Namiji ya yi hattara da yawan abin da zai bai wa budurwa mai talla ko mai hidima a gidan abinci. Kuɗin da ya wuce misali ana iya fassara shi da toshi, ya jawo wa yarinyar magana a gida ko a wurin aiki. Idan niyyar taimako ce, saye da yawa ko biya ta hannun uwar ɗakinta ya fi tsafta.

Idan mutum ya ƙi karɓa, akan sake miƙawa sau ɗaya, domin ƙin farko sau da yawa kunya ce. Idan ya sake ƙi, sai a bar shi da godiya da addu'a. Wani don Allah ya yi, wani kuma yana ganin ku 'yan'uwa ne, biyansa zai zama kamar an mayar da shi bare.

Wanda ba shi da abin bayarwa kuma babu laifi a kansa, muddin ya biya abin da aka yi jinga cif, a kan lokaci, ya kuma sallami mutum da fuska a sake. Abin da masu kabu-kabu, 'yan dako da ma'aikatan gidajen abinci suka fi kuka da shi ba rashin tukuici ba ne. Kukansu shi ne a rage musu kuɗin da aka yi alkawari bayan an gama aiki, a tsayar da su jira ba lada, ko a kira su da “kai” da tsawa kamar ba su da suna.